Janareton Gidan Kallo

Wahalar da na sha kan jarrabawar kwamfutar ɗiyata, ko noman gero a fako bai ba ni irinta ba. Ni da ko aji huɗu ban gama ba.

Gidan kallo gare ni a Ƙauran Namoda. Da shari'a ta zo aka ce a rufe, na rufe. Na tura janareton ƙarƙashin rumbu, kaji na kwana kansa.

Makarantar su yarinyar kuwa kwamfuta ɗaya gare su, lulluɓe da zane kamar amarya, ba wuta. A allo malaminsu ke zana musu ita da alli. Ga jarrabawa jibi, kuma an ce kowace sai ta zauna gabanta ta buga rubutu. Ɗiyata ta daina cin tuwo.

"Baba, ko taɓa ta ban taɓa yi ba. Faɗuwa zan yi."

Sai ga malamin da kansa a ƙofar gidana, mutumin da a da ko sallama ba ya yi mini saboda sana'ata.

"Maigida, an ce kana da inji."

"Na shaiɗan ɗin? Yana nan."

Ya yi dariya. "To a kawo shi ya tuba."

Na ɗora shi a baro har makaranta, don su gwada hannu kafin jarrabawa. Tsohon inji ne mai taurin kai, in ba ka riƙe masa cok, ɗan ƙarfen nan mai daidaita iska, da hannu ba, mutuwa yake. Na tsuguna bayan taga cikin rana, hayaƙi na shiga hancina, 'yan mata na shiga layi suna shewa.

Da na ji an kira ɗiyata, na kasa daurewa. Na manta da cok, na miƙe na leƙa. Ga ta zaune, da yatsa ɗaya tana tsintar baƙaƙe kamar kaza na tsintar dawa, har ta cika layi. Kafin in ce madalla, injin ya yi tari ya mutu. Rubutun duk ya tafi.

"Baba!"

Aji ya fashe da dariya. Malamin ya ce, "Kun gani? Shi ya sa nake cewa ku adana aiki kafin ku ɗaga kai." Na sake tayar da inji, ta fara daga farko, wannan karon ta adana.

Washegari da safe, ranar gwajin ƙarshe kafin jarrabawa, na tura barona na koma. Na ajiye injin nesa da taga, na juya mata baya, na kama cok da hannu biyu.