Ganuwa da Tsinke a Hannun Mai Aski

Kunkuru ake ce masa, shi kuma bai taɓa nuna ya damu ba. Gyaran kujeru ne sana'arsa. Shagonsa ɗaki ne mai zurfi da ƙofa ɗaya, cike da soso da guntayen yadi da ƙafafun kujerun da masu su suka manta da su. In ka kai masa aiki ya ce ka dawo jibi, to ka ƙara masa kwanaki a ranka. Amma kujerar da ta fito daga hannunsa, sai dai ka gaji da ita, ba dai ta lotsa ba. Ba mai fara'a ba ne. Ko ciniki, rabinsa da gyaɗa kai yake yi.

Mahaifinsu ya rasu ƙaninsa yana ƙarami, shi ya riƙe shi har ya yi wayo, ya kuma ja shi shago don ya koyi aiki. A shagon ne wuƙar yankan soso ta ratsa jijiyar babban yatsan Kunkuru na dama, ya warke a miƙe, ba ya lanƙwasawa har yau. A hannun wa wuƙar take a ranar, ba a wannan zancen a gidansu. Abin da kowa ya sani, daga nan ƙanin bai ƙara taɓa soso ba. Ya koma kai saƙo a babur, inda rawar kansa ta samo masa suna Tartsatsi. Ya kama ɗakin haya a bayan layi, amma abincin rana a shagon wansa yake ci, daga kular da matar Kunkuru ke aikowa.

Abu ɗaya ke zaunar da su wuri guda su daɗe, shi ne gem ɗin dodanni. A 'yar na'urar hannu ake yinsa: ka shiga daji, ka kama dodanni, ka yi kiwonsu, ka horar da su, sannan ka haɗa su faɗa da na wani. Faɗan kuwa bi da bi ne. Ka zaɓi abin da dodonka zai yi, abokin karawarka ya zaɓi nasa, sannan a ga wanda ya fi dabara. Ba mai korar ka. Wannan ne ya dace da Kunkuru, ya dace da yatsansa.

Abin alfaharinsa wata ƙatuwar dodanniya ce mai ƙoƙon dutse a baya, ya sa mata suna Ganuwa. Ba ta gudu, ba ta tsalle, bugunta ma ba wani abin a zo a gani ba ne. Iyawarta ɗaya, ta daure. Sai abokin gaba ya ƙarar da duk abin da ya zo da shi a gadon bayanta, sannan ta taka shi. Duk lokacin da kamfanin ya fitar da sabon gem, Kunkuru yakan ƙetarar da ita cikinsa, kamar yadda ake tashi da tsohuwa zuwa sabon gida. Ta girmi ɗansa na fari. Shi kuwa Tartsatsi, nasa wani siririn tsuntsu ne mai wutsiyar walƙiya, wai shi Tsinke, wanda kafin ka ƙifta ya buga ya janye.

A shagon mai aski suke haɗuwa da yammacin ranar hutu, su da sauran masu wasan, a kan dogon benci ƙarƙashin fanka mai ƙara. Kowa na gudun karawa da Kunkuru, don ana iya yi wa mutum aski tas a karkaɗe masa wuya shi bai danna komai ba. Tartsatsi kaɗai ke zama da shi. Yana zaune yana tsaki, yana cewa gemu zai fito wa Tsinke kafin a gama, amma bai taɓa tashi ya bar wasan a tsakiya ba.

Ana nan sai kamfanin ya saki wani ɗan guntun bidiyo na gem ɗin da zai fito. Ba magana a ciki. An ga wani dodo ya feso wuta, ɗayan ya yi tsalle gefe ya kauce, mai shi yana gudu a bayansa. Jerin abubuwan zaɓi da aka saba gani a ƙasan allo babu shi. A kusurwa kuma ga wata 'yar da'ira fara da ba wanda ya san aikinta.

Shagon mai aski ya rabu biyu. Aka tsayar da bidiyon, aka mayar baya, aka zuƙo hoton har ya zama dishi-dishi. Wani ya ce da'irar taswira ce, wani ya ce wata ne kawai a sararin sama, wani ya ce ya karanta a intanet cewa ɗan'uwan wani ma'aikacin kamfanin ya rantse an soke bi da bi. Tartsatsi ya ɗauki wannan ya rungume. A cewarsa zamanin zama a yi ta tunani ya wuce, yanzu mai saurin yatsa shi ne sarki, masu nauyin jiki irin su Ganuwa kuwa sai dai a jingina babur a jikinsu. Kunkuru ya ce talla ce, kuma a talla kowace kujera sabuwa ce. Ya ce kamfanin da ya shekara da shekaru yana cin abinci da abu ba ya zubar da shi don yara sun yi ihu.

Da nan aka tsaya da ba komai. Amma kowace ranar hutu sai an tayar, kuma kowane mako maganar na ƙara kaifi. Kunkuru ya ce wanda bai iya zama ya gama koyon sana'a ɗaya ba, ba mamaki ya ƙi wasan da ke son haƙuri. Tartsatsi ya yi murmushin da bai kai ido ba.

“Yaya, ba kamfanin kake karewa ba,” in ji shi. “Yatsanka kake wa tsoro. Ka faɗi gaskiya kowa ya huta.”

Mai aski ya kashe injinsa, mutumin da ke kan kujera ya zauna da rabin kai. Kunkuru ya dubi yatsan nasa kamar yau aka kawo masa shi. Can ya ce, “A kawo jingina.”

Jingina doka ce da mai aski ya kafa da kansa, tun wata rana da gardama ta ci masa madubi. In mutum biyu suka kafe kan abin da bai fito ba tukuna, kowa ya tura dodonsa mafi soyuwa cikin na'urar mai aski a ajiye. Ranar da gaskiya ta bayyana, wanda ya ci ya karɓi nasa, na wanda ya faɗi kuma ya sake shi daji da hannunsa a gaban kowa. Dodon da aka saki ba ya dawowa, gem ɗin bai bar wannan ƙofa ba. Haka dokar take a baki. A aikace kuwa ba a taɓa sakin na kowa ba. Wanda ya ci yakan riƙe na'urar ya bar ɗan'uwansa ya yi gumi, a sa shi ya ce ya yi ƙarya, ya share gashin da ke ƙasa, a yi dariya a mayar masa da abinsa. Da wannan sanin Tartsatsi ya tura Tsinke yana fito da baki. Kunkuru ya tura Ganuwa. Mai aski ya maimaita sharaɗin don kowa ya ji: Tartsatsi ya ce bi da bi zai tafi, Kunkuru ya ce yana nan.

Labari ya kai wa matar Kunkuru ta bakin matar mai aski. Ba ta yi faɗa ba. Tana ninke kayan yara ta ce ita dai abin kunya ne a ji magidanta suna gaba da juna a kan tsuntsun cikin allo. Sannan ta rage murya.

“Yaron nan bakinsa ne ba linzami. Amma kai ka fi kowa sanin abin da ke cinsa duk lokacin da ya kalli hannunka.”

Ya tambaye ta inda ta ajiye masa cajarsa.

Kwanakin jira ba su yi daɗi ba. Tartsatsi ya riƙa turo hotunan kunkuru da sandar guragu a zauren hirar masu wasan da ke waya, yana rubuta a yi wa tsoho addu'a. Kunkuru bai taɓa mayar da martani ba. Sai dai ya fara cin abincin rana da wuri. Ƙarar babur na tsayawa a ƙofa, kula tana rufe a gefe, an wanke cokali. Tartsatsi ya buɗe ta sau ɗaya ya ga wayam, ya rufe, bai ƙara buɗewa ba. Yakan tsaya daga bakin ƙofa ya yi gaisuwa, a amsa masa ba a ɗago daga kan ɗinki ba.

Ranar da cikakken bidiyon ya fito, shagon mai aski ya cika har waje. Aka jingina waya a jikin madubi. Dodanni biyu suka fuskanci juna, sai ga jerin zaɓi ya bayyana a ƙasan allo kamar kullum. Wannan ya zaɓa, wancan ya zaɓa. Bi da bi yana nan. Sai dai da zarar jerin ya fito, farar da'irar nan ta fara cinye kanta, kuma ba ta da jinkiri. In ta ƙare ba ka danna ba, dodonka ya tsaya ƙiƙam ya sha duka, zaɓi ya wuce ka.

Ba wanda ya kalli hannun Kunkuru. Da sun kalla ma da ya fi sauƙi.

Tartsatsi ya so ya ce rabi da rabi ne, tunda ai ga sauri ya shigo. Mai aski ya ce ba da'ira aka yi jingina a kai ba, bi da bi aka ce zai tafi, ga shi bai tafi ba. Ya mayar wa Kunkuru Ganuwa, sannan ya miƙa masa tasa na'urar, Tsinke na ciki yana karkaɗa fiffike. Tartsatsi ya ɗaga hannu sama yana dariya.

“To, Yaya, na yi ƙarya. Mai aski, ina tsintsiyar?”

Har ya fara shara, ana yi masa tsiya wai ya bar gashi a ƙarƙashin benci. Kunkuru yana zaune da na'urar a cinyarsa. A gem ɗin, kowane dodo na ɗauke da sunan wanda ya fara mallakarsa, ko hannu nawa ya sauya. A ƙarƙashin hoton Tsinke sunan Kunkuru ne. Shi ya ƙyanƙyashe shi daga ƙwai, da hannu ɗaya a naɗe da bandeji, ya tura wa ƙanin nasa, yaron da ya rufe kansa a ɗaki ya ƙi cin abinci. Ya tuna ko bai tuna ba, fuskarsa ba ta nuna ba.

Ya zaɓi a sake shi. Gem ɗin ya tambaye shi ko ya tabbata. Mai aski da ke leƙe ta kafaɗarsa ya yi gyaran murya, ya ce ai an gama, yaro ya share. Gem ɗin ya sake tambaya, ya ƙara da cewa ba dawowa. Da yatsan hagu Kunkuru ya saba danne-danne. Wannan karon na daman ya ɗora, sai da ya karkato hannun gaba ɗaya kafin ya hau madannin. Abin ya ɗauki lokacin da kowa a bencin ya gani, har mai tsintsiya. Tsinke ya juyo ya dubi allo, ya yi tsalle ɗaya, ya shige ciyawa.

Tartsatsi ya jingina tsintsiyar a bango a hankali.

“Ka huce, Yaya?”

“Abin da na ci na karɓa.”

“To Allah ya sa ya ishe ka.”

Aka ji tashin babur. Mai aski ya karɓi na'urarsa, ya ce daga yau ba sauran jingina a shagonsa, wanda ke son gardama ya je bakin titi.

Kunkuru ya ci gaba da zuwa ranar hutu na ɗan lokaci. Ana matsa masa wuri a benci, wuri mai faɗi. In ya fito da na'ura, wannan batirinsa ya mutu, wancan ana kiransa a gida. Da sabon gem ya fito ya saya, ya ƙetarar da Ganuwa kamar yadda ya saba, ya kara da wani baƙo ta intanet. Da'ira ta ƙare yana tunani. Ta sake ƙarewa yana neman madanni. Ganuwa ta tsaya a fili tana shan duka har ta kife, ba ta ɗaga ƙafa ba. Yanzu na'urar tana cikin aljihun teburin shago tare da ƙananan ƙusoshi. Wani lokaci yakan kunna ta ya duba dodanniyar, ya kashe. Matarsa na zuba abinci a wata ƙaramar kula ta aika bayan layi. Ya sani, bai tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Akwai wani mai gyaran kujeru a tsallaken titi, daura da shagonsa. Wata rana da hantsi Kunkuru yana jan yadi a bayan wata doguwar kujera sai ya ji ƙarar babur ɗin da ya sani. Bai ɗago nan da nan ba. Da ya ɗago, Tartsatsi ne a tsallake, ya kwance kujerar babur ɗinsa da ta yage har soso ya leƙo, yana miƙa wa wancan mutumin. Ga benci a inuwa, bai zauna ba. Ya tsaya cikin rana, bayansa ga ƙofar wansa, har aka yanka soso, aka ja leda, aka buga. Aka ɗaura masa kujerar ya hau.

Hanyar babban titi ta gaban shagon Kunkuru take. Tartsatsi ya juya kan babur ya bi ta ƙasan layi, ta wajen kwata, inda sai an yi zagaye mai nisa. Kunkuru ya saurari ƙarar har ta ɓace. Yadin da ke hannunsa ya saki, dole ya ɓalle ƙusoshin ya sake ja daga farko.