Haƙorin Makka da Inshorar Gwal

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani kamfanin kago, masu jigilar kaya, a unguwar Al Qusais, na faɗa cikin wani rikicin inshora da har yau ban gama gane kansa ba. A Dubai kamfani ne ke yi wa ma'aikaci inshorar lafiya, amma ta iyali kai za ka nemo da kanka, kuma ba a sabunta musu biza sai da ita. To, bizar matata ta zo ƙarewa daidai lokacin da haƙori ya sa ta a gaba.

Haƙorin Makka ne ke gare ta. Mahaifinta ne ya kai ta aka sa mata shekarar da suka sauke farali tare, kafin aurenmu, kuma ba a jima da dawowarsu ba Allah ya yi masa rasuwa. Yanzu ga na ƙarƙashin ya fara ciwo, ko shayi ta kurɓa sai ta runtse ido. Ta ce da ni a yi duk abin da za a yi, amma kada a raba ta da gwal ɗin Baba.

Dillalin inshora ya turo min tsari uku masu haɗe da haƙori: Silba, Gwal da Filatinam. Na kira shi ya yi min bayani, sai ya saki Turanci kamar an buɗe famfo. Akwai asibitocin da ke karɓar wannan ba sa karɓar wancan. Akwai kason da zan cika daga aljihuna, akwai watannin jira, akwai kuma ciwon da ya riga inshorar zuwa, shi ma hukuncinsa daban. Ina ta "eh, eh, na gane", alhali ko ɗaya ban riƙe ba. Da na ajiye waya matata ta tambaye ni me ya ce, na ce mata ya ce a gaishe ta.

Ran Juma'a bayan masallaci na kai maganar gaban 'yan uwa. Wani ya ce duk inshorar haƙori yaudara ce, ta tauna kanumfari kawai. Wani ya ce in saya mata tikiti ta je Kano a yi. Na dawo da ruɗanin da ya fi wanda na tafi da shi. Washegari na biya ta kasuwar Murshid Bazaar wajen abokina, wani ɗan Nijar mai harkar atamfa, na tarar ana ɗaure masa dila. Ko gama bayani bai bari na yi ba.

"Haba Malam, c'est simple, abu mai sauƙi. Haƙorin gwal, inshorar Gwal. Khalas, shi ke nan, mene ne na wahalar da kai?"

Wallahi a lokacin sai na ji ban taɓa jin magana mai ma'ana irin wannan ba. Har na ji haushin kaina da ban hango ba. A tsaye a bakin shagonsa na kira dillali na ce Gwal nake so.

Asibitin farko da muka je, kusa da Al Sabkha, suka ce ba sa karɓar katinmu. Na biyu suka karɓa, amma sai an nemi izini daga kamfanin, mu dawo wani mako. Da muka dawo, wata likita Balarabiya ta duba, ta ce dole a cire rufin ƙarfen a gyara na ciki. Na miƙa kati da ƙarfin gwiwa na ce ai Gwal muke, in an gama a mayar mata da abinta. Ta dube ni, ta dubi katin, ta danne dariya. Ta ce sunan tsari ne kawai, ba ruwansa da abin da ke bakin mutum. Inshora za ta ɗauki gyaran, ta ɗauki wani kaso na farin rufi, amma na ado ba ya ciki. Wannan ma in ya fita ba zai koma ba.

Matata ba ta jin Turanci sosai, ni ke fassara mata. Na faɗa mata, ta ɗaga kai alamar a yi, don ciwon ya kai mata ko'ina. Da aka ɓamɓaro shi, likita ta juya shi a ɗan faranti, ta ce da ni ƙasa-ƙasa ai wannan ba zinariya ba ce ma, ƙarfe ne aka yi wa ruwa.

Nan kaina ya ƙara kullewa. In faɗa ne, ko in ce ta ce a riƙa kurkure baki da ruwan gishiri? Matata na kallona, baki cike da auduga.

"Abban yara, me ta ce?"

Na yi ta kame-kame, daga ƙarshe na faɗa mata gaskiya. Ban ga ko gezau a fuskarta ba.

"Ai na sani tun a Makka, matan masaukinmu suka gaya min. Baba ne bai sani ba. Ya yi ta murna ya sa wa 'yarsa gwal, ni kuma ba zan ɓata masa ba."

Ta miƙa hannu aka naɗe mata shi a auduga, ta sa a jaka. Sai a cikin jirgin ƙasa, muna hanyar gida, na ga tana share ido da bakin mayafi. Ni ma zuciyata ta karye.

Har gobe in lokacin sabunta inshora ya zo, tsarin da hannuna ya faɗa a kai nake ɗauka, don ban ƙaru da komai ba a wannan fanni. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, na yi makonni ina fafutukar ceto zinariya, ashe ban ma san abin da matar da muke gida ɗaya take riƙo ba. Farin haƙorin ya zauna mata daram, ciwo ya tafi. Amma duk sanda ta yi dariya idona kan nemi ɗan ƙyallin nan, kuma har yanzu ban saba da rashinsa ba.