Yadda Yayana Ya Zama Gwarzon Talakawa

Yayana ya yi zaman gidan yari jim kaɗan bayan samun mulkin kai. A kasuwar Gwaram wani ɗan doka ya zabga wa jakin yayana bulala, shi kuma ya zabga wa ɗan dokan mari. Shi ke nan laifin.

Da ya fito, gari ya juya masa baya. In ya shiga sahu a masallaci sai na kusa da shi ya dafe aljihu, alhali ba sata ta kai shi ba. Gidan da ya nemi aure suka ce yarinyar ba ta isa ba, bayan wata guda suka aurar da ita. Inna ta daina zuwa biki da suna, don ta gaji da jajen da ba na Allah ba. Ni ma a gidan mijina “ƙanwar fursuna” ake ce mini. Haka ya yi shekaru, daga gona sai ɗaki.

Da sojoji suka ce za su mayar wa farar hula mulki, sai ga wasu alhazai 'yan siyasa daga Birnin Kudu cikin sabuwar mota. Ranar ina gidanmu, ina jin su daga zaure.

“Malam, kai ne aka ɗaure saboda talakawa?”

“A'a Alhaji, saboda jaki ne.”

“Jakin na attajiri ne?”

“Nawa ne.”

“To ai shi ke nan.”

Suka ɗinka masa babbar riga, suka ɗora shi bayan akori-kura, suka miƙa masa lasifika. Bai iya jawabi ba. Iyakar abin da yake faɗa shi ne waken gidan yari tsakuwa ta fi yawa a ciki. Sai fili ya kaure da kabbara, har wasu na share hawaye. Kafin damina ya yi aure, maƙwabta suka fara aiko wa Inna tuwo.

Bayan zaɓe aka ba shi kula da injin ruwan gari. Da aka ce ya nemi mataimaki, sai ya hau keke ya tafi Sundimina ya ɗauko wani dattijo da suka kwana ɗaki ɗaya a kurkuku. Shi wannan siyasa ce ta kai shi da gaske, har haƙora ya bari a can, amma ba wanda ya neme shi, saboda yana da i'ina. Tare suka riƙe injin, ruwa bai taɓa yankewa ba sai in mai ya ƙare.