Maigandi Mai Fito da Wasiƙar Inna Kulu

Ran Talata aka kai Maigandi makwancinsa, bayan jinyar kwana tara. Duk wanda ya taɓa ƙetare Gulbin Rima da damina ya san shi: dogon mutum, mai sanyin murya, wanda ba a taɓa jin ya zagi ko jaki ba. Sana'arsa fito. Sai ya zuba kayan mutum a masaki, ya ba shi babban gora ya rungume, shi kuwa ya yi ta iyo yana tura su har gaci. Shekara ashirin bai jiƙa wa kowa ko ƙullin gishiri ba. Da wannan kaɗai yake alfahari, bawan Allah.

Wani rani, ƴan shekaru bayan Nasara sun ci Sakkwato, gulbi ya janye, aiki ya tsaya. Tukur, wani falke mai fataucin fatu, ya ɗauke shi rakiya zuwa Ikko, can bakin teku. Ana gobe tafiya Inna Kulu, tsohuwar da ke sayar da fura a mashigi, ta tare shi. Ɗanta Junaidu ya bar gari shekara bakwai, bayan sun yi saɓani, aka ce yana lebura a tashar jiragen ruwa ta can. Ta je wurin malami an rubuta mata wasiƙa da ajami.

"Maigandi, wagga takarda amana ta," in ji ta. "Hannunai za ka sa ta. Ni kwanana sun matso."

Ya naɗe takardar ya cusa cikin hularsa. A ƙafa suka tafi har Zungeru, daga nan suka shiga jirgin ƙasa, bai yarda hular ta rabu da kansa ba.

A Ikko aka ce masa sai azahar Junaidu ke tashi daga aiki. Yana jira, zafi ya dame shi, sai ya hango wani lungu da duwatsu suka kare, farin rairayi, ruwa a kwance lif. Kwana arba'in rabonsa da iyo. Ya yi abin da kowane ɗan gulbi zai yi: ya dubi bakin ruwa, ya ja da baya taki goma, ya ajiye riga da hula, ya danne da dutse. A wurinmu ruwa ba ya ƙaruwa sai an yi ruwan sama, ga gari kuwa wasai, ko gizagizai babu.

Ya faɗa. Gishiri ya shiga bakinsa, ya tofar yana dariya shi kaɗai. Ruwan ya ɗauke shi kamar an goya shi, ya yi ta ninƙaya yana kallon manyan jirage, har ya manta da rana. Da ya juyo, ya nemi dutsen ya rasa. Ruwa ya hau ya rufe wurin, hula na can tana yawo. Ya kamo ta, ya zaro takardar. Tawadar ta wanke tas kamar allo, sai ɗan baƙi a gefe.

Da ya nuna wa Tukur takardar, Tukur ya ga idonsa ya yi ja, ya ce, "Kai dai ka cika sa ma kanka wahala. Ga malamai nan cikin gari. A rubuta wata, a ce tana gaishe shi, shi koma gida. Wa za shi sani?"

"In sa ma tsohuwa magana baki? Ni ban ji abin da ta hwaɗi ma malam ba."

Da azahar ya sami Junaidu, ya miƙa masa jiƙaƙƙiyar takardar, ya faɗa masa duk yadda aka yi, bai rage ba.

Junaidu ya dube shi daga sama har ƙasa. "Baba Maigandi, kai da ruwa ke jin tsoronka? Wanga ruwa kullum sau biyu shika cika, ko yaran nan sun sani."

"Ni ban sani ba, ɗana."

Junaidu ya juya takardar. "To mi ta ce? Ta yahe mani ne, ko baki ta yi man?"

"Allah shi ad da sani. Abin da na gani da idona, da hannu biyu ta ba ni ita. In kana son sauran, bakinta na nan Sakkwato."

Kwana huɗu Maigandi yana zuwa bakin tasha, ba ya roƙo, zama kawai yake yi inda Junaidu zai gan shi. Ran na biyar Junaidu ya fito da ƙullin kayansa.

Sun tarar da Inna Kulu da rai, ta ƙara damina biyu ɗanta yana gefenta. Maigandi bai taɓa tambayar abin da ke cikin wasiƙar ba, su ma ba su faɗa masa ba. Junaidu ne ya yi jinyarsa, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Allah ya jiƙanka, Maigandi, ya sanyaya maka makwanci.