Khalilu, Ba Shawara Ba Ce

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 15 ga Afrilu, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran aminina Khalilu Abdulrashid a wani asibiti a Kano, yana da shekara talatin da ɗaya. Mun kawo shi gida, ƙauyenmu da ke yamma da Ɗanbatta, muka yi masa sutura bayan la'asar.

Khalilu, na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma zan faɗi abin da ke cina, domin na gaji da gyaɗa kai a zaman makoki.

Kai manomi ne kamar kowa, sai dai Allah ya sa maka son gudu. Kullum bayan asuba kana kan burtali. Tsofaffi su ɗaga murya daga gona: "Khalilu, wa ya biyo ka?" Ka ce, "Tumbi ne, Baba, ba na so ya kamo ni." Sun yi maka dariya har ranar da bijimin Inna Ramlat ya tsinke ana gab da huɗa. Ka bi shi har ya gaji ya tsaya, ka jawo mata shi gida, ko furar da ta dama maka sai da aka yi da gaske ka sha. Ranar da ruwa ya cinye hanya matata tana naƙuda, da ƙafa ka je ka taho da ungozoma.

Bana ka ɗaura niyyar shiga gasar gudun fanfalaki. Ni ne mai bin ka a babur da jarkar ruwa. Ranar da abin ya faru na tafi kasuwa, na ce ka bari sai gobe. Ba ka bari ba, taurin kanka kowa ya san shi. Da zazzaɓi a jikinka, ka haɗiyi ƙwayoyin ciwon jiki saboda ƙwaurinka da ya daɗe yana damunka, ka yi kilomita talatin cikin zafin bazara ba ruwa. Ka dawo cinyoyinka sun kumbura, fitsarinka ya koma kamar baƙin shayi.

Matarka Sa'adiyya ce ta fara magana daga bakin ƙofa. "Don Allah a kai shi asibiti, wannan ba gajiya ba ce."

Kawunka Hashimu ya ce, "Ciwon shawara ne. Kuma shawara ba ta son allura. Ku kai shi a soke shi, ku dawo mana da gawa."

Ni da na yi makaranta, ni da babur ɗina yake jingine a zaure, sai na ce mata ta yi haƙuri, manya sun yi magana. Kwana huɗu muna ɗura maka jiƙo. Da hannuna na riƙe ƙwaryar. Sai da fitsarin ya ɗauke gaba ɗaya muka nemi mota.

Likita ya ce ba shawara ba ce. Tsokar jikinka ce ta dagargaje saboda wahala da zafi da rashin ruwa, dattinta ya bi jini ya toshe ƙoda, ƙwayoyin nan kuma suka ƙara. Ya ce da mun zo ranar farko, mai yiwuwa da ƙarin ruwa ya wadatar. Allurar da muka yi ta kare ka daga gare ta ke nan. Har yau in na tuna sai takaici ya kama ni, musamman da na ji jiya a wurin gaisuwa wani yana cewa ai allurar ce ta ƙarasa ka.

Ya Allah ka jiƙan Khalilu, ka yafe masa kurakuransa, ka sa zufar da ya zubar don mutane ta zama sanyi a kabarinsa, ka sada shi da Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarsa, da Kawu Hashimu wanda na san ƙauna ce ta sa shi, da 'yarsa Sauda, Allah ya raya ta.

Ke kuma Sa'adiyya, kwana bakwai ina shiga gidan nan ban iya ɗaga ido na dube ki ba. Ke kika faɗi gaskiya, ni na ce ki yi shiru. Allah ya ba ki haƙuri, ki yafe mini.