Kofin Ruwan Gishirin Turai

Duk wanda ya zauna a Mpape a shekarun da benaye ke tsirowa a Abuja kamar ciyawar damina, ya san Turai mai abincin makaranta. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ga baki kamar reza, amma in ka ji tana zagin yaro, duba hannunta, ƙosai take miƙa masa. Daga Malumfashi mijinta Maharazu ya kawo ta, lokacin yana tuƙa tifa, yana kwasar tsakuwa daga wurin fasa dutse zuwa cikin gari. A shekara ta huɗu tifar ta kife da shi a gangare. Bai bar mata ɗa ba, bai bar mata gida ba, sai ɗakin haya da tukwane biyu.

Da tukwanen nan ta samu aiki a wata ƙaramar makaranta mai rufin kwano, wadda Malam Kure ya buɗe wa 'ya'yan leburori. Murhunta yana bayan aji huɗu, daidai taga. Ita da ko ƙofar aji ba ta taɓa tsallakawa ba, shekara tara tana tsince wake tana jin karatu yana fitowa ta tagar nan, har ya zauna mata a kai daram. Ba ta iya rubuta sunanta ba, amma ka ja mata lissafi da Turanci, ka ce "sebin taims sikis", kafin ka rufe baki ta ce "foti-tu", ta kuma harare ka. Jihohi da manyan biranensu kuwa, rera su take yi tana tuƙa tuwo.

Cikin yaran akwai wadda ta shiga ranta, Treasure, 'yar shekara goma. Uwarta Christina tana cikin matan da ke zama a gindin dutse da guduma, suna farfasa manyan duwatsu su zama tsakuwa. Yarinyar akwai kai, wallahi akwai kai. Kuma Turai ta san abin da ke kawo ta makaranta kullum: uwar ta lissafa ta ga a can ana ba ta abincin rana, an rage mata baki ɗaya a gida.

Sai ga shekarar Ebola. Ana shirin komawa daga dogon hutu, gwamnati ta ce kowace makaranta ta zauna a rufe sai an ga abin da hali ya yi. Malam Kure ya sa kwaɗo a ƙofa, ya ce kowa ya yi haƙuri. Haƙuri! Ana cin haƙuri ne?

Kwana uku da sanarwar, Turai ta haɗu da Christina a bakin famfo.

"Maman Treasure, ina 'yata?"

Christina ta amsa da Hausarta ta 'yan koyo. "Yana gida, Mama. Gobe zai bi ni dutse. Ba sukul, ba abinci, zai zauna yana kallona ne?"

Turai ta dire bokitinta. Ta sha gani da idonta: yaron da ya ɗauki guduma ba ya komawa aji. Ranar farko wasa ne, sati na biyu ya cika bokiti, wata ɗaya uwa ta saba da bokitinsa, shi ke nan an gama.

"Ki bar min ita," in ji Turai. "Ta zo wurina da safe, ta ci, ta yi karatu. Ranar da aka buɗe makaranta ni zan kai ta da hannuna."

Christina ta ce, "In akwai abinci, zai zo."

Haka makarantar Turai ta fara, a ƙarƙashin rumfar ƙofar ɗakinta. Rabin buhun shinkafa da ta ajiye don Babbar Sallah shi ta farke. Washegari Treasure ta zo da ƙawaye biyu, kafin sati yara sun kai goma sha ɗaya. Doka ɗaya ce: ba karatu, ba loma. Turai na zaune kan turmi da muciya a hannu, ita ce bulala, ita ce sandar nuni. Ta ja baki su amsa, daga "tu taims wan" har sama. Abin da ya shafi rubutu kuwa, Treasure ke ɗaukar gawayi ta rubuta a jikin bango, Turai ta tsaya tana gyaɗa kai kamar tana dubawa. In an gama a ajiye faranti babba, kowa ya sa hannu. Ba ta taɓa jin daɗin duniya irin na sati biyun nan ba, ita da kanta ta faɗa.

Amma tsoro ya cika unguwa. An daina musabaha, ko a masallaci sai dai a ɗaga hannu. Maƙwabta suka fara ƙunƙuni, wai tana tara yara suna cin abinci a faranti ɗaya a wannan marra. Maganar ta tsaya wa Turai a rai, don ita ma tana tsoron kada wani abu ya sami 'ya'yan mutane a hannunta. To, tun makonnin baya an yi ta yaɗawa a waya cewa ruwan gishiri yana kare mutum daga cutar, a yi wanka da shi, a sha. An fito a rediyo an ce ƙarya ne, amma Turai ta ce a ranta, gishiri dai ai abin miya ne, in bai yi magani ba me zai ɓata? Kuma in maƙwabta suka ga tana ba yaran kariya, sa rufe baki.

Ran Talata da safe ta ɗumama ruwa, ta zuba gishiri da hannun mai dafa wa mutum ɗari. Ta jera yaran, kowa ya kurɓa ya yamutsa fuska. Da aka zo kan Treasure, sai ta cika mata kofin fal. Ai ita ce tata, ita ta fi so ta tsira.

"Shanye duka, 'yar nan. Kar ki bar ko ɗigo."

Yarinyar mai biyayya ce, ta shanye, kuma cikinta babu komai. Ba a kai "fo taims" ba ta dafe ciki, ta durƙusa a tsakiyar hanya ta fara kelaya amai.

Wata mai sayar da gawayi ce ta fara kurma ihu. "Ebola! Ebola a gidan Turai!" Kafin ka ce kwabo unguwa ta watse, iyaye na fizgar 'ya'yansu, wani har takalmi ya bari. Ba wanda ya matso. Turai ce ta goya yarinyar a baya, ta gangara da ita har asibitin bakin titi, don ko mai babur ya ƙi tsayawa. Ma'aikaciyar jinya ta tambaya, ta ji, ta riƙe baki. Ta ce babu wata cuta, gishiri ne, kuma Allah ne ya taƙaita. Ta wanke Turai tas da faɗa a gaban mutane, Turai mai baki kamar reza ta shanye.

Christina ta iso da ƙurar dutse har gira. Ba ta yi zagi ba, da ma ta zaga. Ta kama hannun 'yarta ta ce, "Mama, na ba ki yaro da lafiya. Ya isa."

Gaskiya ta fito, amma wa ya tsaya jin ta? Sunan Maman Ebola ya bi Turai har famfo. Da aka buɗe makarantu, Malam Kure ya kira ta gefe yana sosa ƙeya, ya ce iyaye sun ce 'ya'yansu ba za su ci daga tukunyarta ba, ta yi haƙuri. Ta ɗauki tukwanenta. Tana wucewa ta leƙa tagar nan, ta ga benci na biyu da wata yarinya a wurin Treasure.

Yanzu ruwan leda take sayarwa a kan hanyar dutse, don shi ba a tambayar hannun wa ya dafa. Wata rana da azahar ta bi ta gefen matan guduma, ta hango Treasure zaune kusa da uwarta, yatsu naɗe da tsumma, bokiti ya kusa cika. Tana dukan dutse tana rerawa ƙasa-ƙasa, kowane bugu da nasa lissafi. "Sebin taims sikis, foti-tu. Sebin taims sebin, foti-nain. Sebin taims eit..." Ta tsaya, guduma a sama. Ta sake ja, ta sake tsayawa. Ya ɓace mata.

Amsar tana kan harshen Turai. Ta buɗe baki, sai Christina ta ɗago ta dube ta. Turai ta haɗiye, ta gyara robar ruwan da ke kanta. Yarinyar ta ɗan jira, sannan ta sauke gudumar a kan dutse, ta ci gaba da fasawa ba waƙa.