Gwangwanin Ƙarshe

A shekarun da nake koyar da Turanci a wata sakandare a Minna, kowace Lahadi bayan la'asar mukan haɗu a shagon wani mai gyaran talabijin a Dutsen Kura. Mu shida ne. Kowa da makonsa, ya kawo fim, a kalla, sannan a yi masa shari'a. Sabon fim ba ya shiga shagon nan, sai tsofaffi: na kaboyi, na Indiya masu awa uku, da waɗanda muka fi so, na kumbo da halittun wasu duniyoyi.

Kujera mai hannu ɗaya ce a shagon, sauranmu benci. Ta Baba ce, wani dattijo ɗan kudancin Kaduna da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa. Da kwat ɗinsa na coci yake zuwa. Idan mun gama hayaniya, shi ke yanke hukunci, kuma ba ya tsawaitawa: ko ya ce fim ne, ko ya ce hoto ne kawai. Wanda aka ce nasa hoto ne zai sha tsiya har mako ya zagayo.

Ni kuwa ina ji da kaina. Ni ke fassara musu Turancin, don haka a ganina kujerar nan tawa ce, Baba aronta kawai yake yi. Ran da na kawo wani fim da nake taƙama da shi, na wata na'ura da ta koyi yin ƙarya, Baba ya yi gyangyaɗi rabinsa, ya farka ya ce hoto ne. Direban keke napep da ke cikinmu ya yi wata guda yana kirana Malam Hoto, har a gaban ɗalibaina. Na ƙullaci Baba, ƙullata ta gaske.

Akwai fim ɗaya da Baba ke auna kowane fim da shi. Sau ɗaya ya gan shi, a tsohuwar silima marar rufi, a makon aurensa, shi da amaryarsa. Sunan fim ɗin ya ɓace masa, amma labarin bai ɓace ba. Wani mutum da matarsa sun sauka a wata duniya mai jan rairayi. Iskar da matar ke shaƙa ta ƙare, ta mutu, ya binne ta da hannunsa. Sai can a ƙarshe ga ta tsaye a ƙofar kumbon tana dariya, ya ruga ya riƙe ta. Matar Baba ta rasu a daminar da ta gabata, dukanmu mun je masa gaisuwa a Barkin Sale. Tun daga nan labarin ya riƙa fitowa kusan kowace Lahadi, mu kuma muna saurare kamar ba mu taɓa ji ba.

Mako uku na yi ina laluben fim ɗin a waya, har na same shi. Na kalla ni kaɗai, na yi dariya har da hawaye. A zamanin su Baba a gwangwanaye ake kawo fim, a haska ɗaya bayan ɗaya. Mai haskawa ne ya rikita, ya sa gwangwanin ƙarshe kafin na tsakiya. Dariyar matar a ƙofar kumbo a tsakiyar fim take. Mutuwarta ita ce ƙarshe. Kwana tara na yi da sanin haka kafin makona ya zo, kuma a cikin kwanakin nan ban taɓa tunanin in yi shiru ba.

Da aka kunna, Baba ya gane shi tun daga kiɗan farko. Ya gyara zama. Sauran suka fara tsiya, don ana ganin zaren da aka rataye kumbon da shi, amma shi murmushi kawai yake yi yana cewa mu jira mu ga ƙarshe. Sai ga matar a ƙofa tana dariya, fim kuwa da sauransa. Baba ya miƙo wuya, ya ce ba nan wurin ba ne. Iska ta ƙare, mutumin ya binne matarsa, ya shiga kumbo shi kaɗai, rubutu ya fara hawa.

Na tashi tsaye kamar ina cikin aji, na yi bayanin gwangwani dalla-dalla. Na ce shekara arba'in da ɗoriya Baba yana auna finafinai da kuskuren mai haskawa. Shago ya ɗauki dariya, ban da mai shagon, wanda ya sunkuyar da kai yana juya sukudireba. Direban keke ya tambayi Baba ko wannan fim ne ko hoto. Baba bai kula shi ba, ni ya duba.

"Malam, shi matar bai dawo ba?"

"Ba ta dawo ba, Baba. Wanda aka binne an binne shi, ko a fim ne."

Baba ya tashi, ya ɓalla maɓallan kwat ɗinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce hoto ne, ya fita. Ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji. Lahadin da ta biyo bai zo ba, na zauna a kujerar, ba wanda ya hana ni.

Bayan kamar wata guda, na fito daga makaranta da rana tsaka sai na gan shi a bakin ƙofa, ya rame, yana riƙe da wata tsohuwar waya. Ya ce mai shago ya gaya masa na iya yanka fim a kwamfuta. Roƙona yake in jera masa shi yadda suka gan shi su biyu da matarsa, in sa masa a wayar, ba zai nuna wa kowa ba. Aikin ba zai ci mini minti goma ba. Ɗalibaina na wucewa suna kallonmu.

Na ce, "Baba, ni ba na ɓata fim."

Ya mayar da wayar aljihu. "To. Na gode, Malam."

Ya tsaya ya duba hagu da dama, har sau biyu, kafin ya tsallaka titi.